Ɗan Matsar da Famfon Nan Kawai Za a Yi

Duk gidan da aka taɓa yin gyara a unguwarmu, sai an faɗi maganar nan: "Ai ba wani aiki ba ne, ɗan matsar da famfon nan kawai za a yi." Mun iya ta, mun gaje ta, kuma da zuciya ɗaya muke faɗinta. Maigida zai tsaya a tsakar gida, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuni: wurin wankin nan da ke gindin rijiya a ɗauke shi, a kai shi can ƙurya kusa da katanga. Yadda yake kaɗa yatsa daga nan zuwa can, sai ka ce tabarma za a naɗe a sake shimfiɗawa. Mu dai a wajenmu, duk aikin da aka sa wa "ɗan" a gaba aka sa masa "kawai" a baya, to ya zama ƙarami, kuɗinsa ma dole ya bi sahu. Ɗan gini, ɗan rami, ɗan fenti. Da bakinmu muke rage wa aiki girma tun kafin mai aikin ya iso, saboda in ya faɗi kuɗi mu sami abin riƙe baki.

Dalilin tashin wurin wanki kuwa ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san na gidan kowa. Wani gidan yaro ne ya isa aure, ana so a yanka masa ciki da falo daidai inda ake wanki. Wani gidan shago za a fitar ta bakin titi, ko a samu na cefane. Wani gidan Hajiya ce ta gaji da baƙi su yi sallama su tarar da ita a tsakiyar kumfa. Wani gidan kuma amarya ce ta tare da injin wanki a cikin kayan ɗakinta, ga shi nan wata shida yana zaune cikin kwalinsa, an lulluɓe shi da leshi an jera masa kwanuka a kai, domin babu inda za a jona shi. Kowane dalili mai kyau ne, ban ga na zargi ba ko ɗaya. Gida abu ne mai rai, yana girma da masu shi. Yadda muke bi da aikin ne abin kallo.

Da farko za mu kira birkila ya ta da bango ya yi daɓe. Sai mai tayil ya zo ya shimfiɗa abinsa tas, har ana cire takalmi kafin a taka. Sai mai fenti. Sai an gama duk wannan, an share, an yi wa 'yan'uwa waya su zo su ga gyara, sannan wani zai ce, "Af, ruwa fa?" A nan ne ake tunawa da mai famfo. Shi kuma bawan Allah zai shigo, ya dubi tayil ɗin nan mai ƙyalli, ya dubi maigida, ya sunkuyar da kai kamar mai shirin isar da saƙon rasuwa, ya ce, "Alhaji, sai fa an fasa." Ban san wata magana mai tayar da hawan jini a harkar gini kamar wannan ba. An biya kuɗin shimfiɗawa, za a biya na fasawa, za a sake biyan na mayarwa, aiki ɗaya lada uku. Ƙari a kan haka, in aka koma kasuwa sai a tarar irin wannan tayil ɗin ya ƙare, sai dai mai kama da shi. Shi ya sa in ka shiga gidajenmu za ka ga wani layi mai launi daban ya ratsa tsakar gida kamar hanyar jirgin ƙasa. Kada ka tambaya, bututu ne a ƙarƙashi. Mu ne masu cewa tun ran gini tun ran zane, kuma mu ne ba ma kiran mai famfo sai ran tarewa.

Ranar da muke nemansa, sunansa Injiniya. "Injiniya, don Allah ka leƙo mana bayan la'asar, minti biyar ya ishe ka." Za a shimfiɗa masa darduma, a kawo ruwan sanyi, a tambayi iyali. Sai a ja shi a nuna masa tanki a sama, a nuna masa bangon da ake so famfo ya fito, a haɗa su da yatsa a iska. Mu sama muke kallo. Shi kuwa, in ƙwararre ne, ƙasa yake kallo. Zai yi ta zagaye yana bin daɓe da ido, ya leƙa rariya, ya fita waje ya tsuguna a bakin kwata, ya dawo ya ce a ba shi ruwa a buta, ya tsiyaya a ƙasa ya ga inda zai nufa. Mu kuma muna tsaye muna ƙifta wa juna ido, a ranmu muna cewa ga shi nan yana neman inda zai ƙara kuɗi. Alhali tambaya ɗaya ce ke cin sa, wadda mu ba mu taɓa yi wa kanmu ba: in an gama wankin, ruwan ina za shi?

Gaskiyar maganar ke nan, kuma a nan kuɗin yake kwance. Kawo ruwa abu ne mai sauƙi. Ruwan da ke saukowa daga tanki da ƙarfinsa yake zuwa. Siririn bututu na rabin inci ya ishe shi, ka bi da shi ta jikin katanga, ka lanƙwasa shi sau biyar, zai iso. Ruwan da aka gama wanki da shi kuwa babu mai tura shi. Da ƙafarsa yake tafiya, ɗauke da kumfa da zaren tufafi da yashin aljihun 'yan makaranta, kuma ba ya hawa tudu ko da na kaurin yatsa ne. Yana son bututu mai faɗi, inci biyu zuwa sama, yana kuma son gangara. Ƙa'idar masu aikin ita ce kowace mita ɗaya ta sauka da kamar santimita 2. A ce daga sabon wurin zuwa kwata mita 12 ne, to ƙarshen bututun sai ya fi farkonsa ƙasa da santimita 24, tsawon tafin hannu har da ɗoriya. To a tsofaffin unguwanninmu, inda aka yi ta yi wa titi ciko shekara da shekaru har gida ya koma kamar rami, ina za a samo wannan gangarar? Dole ɗayan biyu: ko a ɗaga wurin wankin da ciko da bulo ya zama dandamali, ko a haƙa wa ruwan ramin kansa a cikin gida. Kowanne ka zaɓa, ga siminti, ga yashi, ga tsakuwa, ga lebura mai diga. Sannan duk inda bututun ya yi kwana sai an gina ɗan ramin dubawa mai murfi, wanda suke kira camba, saboda ranar da ya toshe a sami inda za a zura ƙarfe. Famfon da muka tsaya muna nunawa da yatsa, shi ne mafi araha a cikin lissafin gaba ɗaya.

Sai a zo kan takarda. Injiniya zai yago feji daga littafin yaron gidan, ya jingina da bango ya rubuta kaya: bututu kaza, gwiwa kaza, mahaɗi kaza, gam gwangwani ɗaya, zaren naɗi, makulli. A ƙasa ya ja layi ya rubuta kuɗin aiki. Mu kuma mu karɓa mu riƙe ta nesa da fuska, mu yi salati, mu ce, "Injiniya, gida za ka gina mana?" Daga nan sai maganar da kowannenmu ya taɓa yi: "Bar takardar, ni zan sayo kayan da kaina." Ba kuma banza muke faɗa ba, ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu rubuta goma alhali bakwai za a yi amfani da su, akwai masu la'ada a shagon da suka tura ka. An cuci wasunmu, shi ya sa muke ɗari-ɗari. To amma duba yadda abin ke ƙarewa. Za mu shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da takarda a hannu muna taƙama, mai shago ya tambaye mu, "Alhaji, mai kauri ko marar kauri? Na ruwan tanki ko na kwata?" Mu yi shiru kaɗan, sannan mu ba da amsar da muka iya: "Wanne ya fi sauƙi?" A ɗaure mana kaya a saman Adaidaita Sahu, mu iso gida muna murna mun rage dubbai. Injiniya ya kwance ya duba, ya ce gwiwar ba girmanta ke nan ba, mahaɗi biyu sun yi kaɗan, gam ɗin kuma ya daskare a gwangwani. A koma. A dawo. A sake komawa saboda abu ɗaya da bai fi ƙwallon goriba girma ba. Kafin magariba kuɗin mota ya cinye ragin da aka samu, leburan da aka ɗauka na yini ya yi zaman banza, wankin hula ya kai mu dare. Dattawan da suka ga jiya ba haka suke yi ba. Sukan ce da mai aikin, "Hau mu je tare," shi ya zaɓa, su su biya. Zargi ya kau, kaya kuma su zo daidai.

Muna da wata ɗabi'ar kuma, ta ajiye takardar lissafi kamar takardar fili. Za a rubuta mana ita kafin azumi, mu ninke mu sa a aljihun babbar riga, sai bayan babbar salla mu zaro ta mu ce a zo a fara. In aka ce kaya sun tashi, mu ji kamar an ci amanarmu. Da can ana iya yin haka a wuce lafiya. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, da watan Yunin da ya biyo baya da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, takardar lissafi ta zama kamar ɗanyen nama, ba ta kwana da yawa. Dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun simintin da muke saye wajen naira dubu biyar ya wuce dubu goma a watan Fabrairun 2024. Robar da ake narkawa a yi bututu, yawancinta daga waje ake shigo da ita, da dala. Tifar yashi da mai take tafiya. Mai famfo bai ƙara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma shi ne a gabanmu, shi muke gani, shi ke shan harara. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kuma in za mu rage kuɗi, mun san inda muke ragewa: duk abin da za a binne. Kan famfo kam sai mai ƙyalli, wanda baƙo zai gani ya yaba. Bututun da zai kwanta a ƙarƙashin siminti shekara ashirin kuwa, a kawo marar kauri, wanda in ka matsa da yatsa sai ya lotsa. Wa zai gani? Ƙasa za ta gani. Ranar da aka shigo da mota tsakar gida ko aka sauke buhunan hatsi a kansa, zai tsage a ɓoye, ya yi ta tsiyaya ba mai labari, sai an ga gindin bango ya jiƙe, fenti yana ɓamɓarewa, ɗakin da aka gina wa ango yana warin danshi. Araha ba ta ado, mun sani, har waƙa muke yi da ita a bakin kasuwa. Wanda aka bi da shi ta waje kuma, farin nan na roba, mukan bar shi tsirara a rana, zafin bazara ya gasa shi shekara biyu uku har ya bushe, yaro ya jingina keke ya fashe. Akwai koren nan da ake haɗawa da wuta, wanda bakinsa ke narkewa ya manne ya zama abu ɗaya. Yana da ƙarko, amma injin haɗa shi lantarki yake so, in babu wuta sai an tayar da janareta, man kuma a aljihun maigida. Gara a faɗa mana wannan tun farko, mu ma gara mu tambaya.

Wani abin da ke ƙara wa aikin tsada, babu wanda ya san inda tsofaffin bututun gidan suka bi. Ba mu da taswira, ba ma ajiye hoto. Wanda ya yi aikin farko ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya, maigidan kuma lokacin yana wurin aiki. Sai lebura ya ɗaga diga da bismilla, sara na uku ruwa ya yi tsiri sama, a ruga a rufe tanki, a aika yaro ya tsayar da mai kura ya sauke jarkoki. In gidan tun na shekarun 1970 ne ko 1980, abin da za a tarar bututun ƙarfe ne da tsatsa ta cinye cikinsa har ramin ya koma kamar na allura, taɓa shi ke da wuya ya ɓare, kuma ba a haɗa sabo da ruɓaɓɓe. Aikin mita biyar ya zama na gida duka. A irin wannan rana mutum ɗaya ke fid da mu, tsohuwar gidan. Za ta fito da carbinta ta ce, "Ba nan ba ne, ku matsa. Ta gindin bishiyar nan ya bi, shekarar da aka haifi Yaya babba aka sa shi, ina zaune a nan ina tankaɗe." A haƙa inda ta nuna, a same shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambaye ta tun da safe, da ba a yi asarar tanki guda ba.

Shi kuma injin wanki da nasa sharuɗɗan yake zuwa, mu kuwa ba ma karanta ɗan littafin da ke cikin kwalin, yara muke ba wa su yi jirgi da shi. Mai baho biyun nan da muka fi sabawa da shi, wanda ake cika wa ruwa da bokiti, ba shi da abin tura ruwa waje; sai an kwantar da tiyonsa ƙasa ruwan ke fita, don haka magudanarsa dole ta kasance a daɓe. Mai yin komai da kansa kuwa sau da yawa yana da abin turawa, shi bututu tsayayye yake so a rataya masa tiyo a ciki, da ɗan lanƙwason nan mai riƙe ruwa wanda ke hana wari da kyankyasai dawowa. Aiki biyu ne daban, amma sai an gama a ce, "Af, ai ba irin wannan injin ba ne." Sannan yawancin masu jan ruwa da kansu suna son ruwan ya gangaro daga tsawon mita biyar ko kusa da haka. Tankinmu kuwa yana kan rufin banɗaki, da ƙyar ya kai mita uku. Sai injin ya yi ta jira ruwa na ɗiga masa, can ya gaji ya hau ƙara, a ce ai jabu aka sayo wa yarinya, a fara ƙananan maganganu tsakanin dangin ango da na amarya. Maganin kuwa ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, ko a kira mai walda ya ɗaga wa tankin ƙafa. Tanki mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa tan guda ne, ba abin da za a ɗora wa siraran ƙarafa ba ne a gidan da yara ke wasa a ƙarƙashi. Ga mai lantarki shi ma yana jiran nasa, domin inda ruwa da wuta za su zauna wuri ɗaya ba a yin ƙwauron waya.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne wurin zubar da ruwan. In kuɗi suka ƙare a tsakiyar aiki, kuma sukan ƙare, dabara biyu muke yi. Ta farko, a jona ruwan wankin da ramin banɗaki, a ce ai duk ƙazanta ce. Ramin da yake shekaru bai cika ba sai ya cika cikin 'yan watanni, a yi ta biyan masu kwasa, abin da aka ƙi kashewa sau ɗaya a riƙa kashe shi duk shekara. Ta biyu, a huda katanga a saki ruwan a lungu. Daga ranar an sami dagwalo, sauro ya sami gida, mai zuwa sallar asuba sai ya tattare riga, in kuma katangar maƙwabci ta ƙasa ce, ruwan sabulu ya yi ta cin gindinta a hankali har damina ta zo ta ƙarasa. Maƙwabcin ba zai yi magana ba da farko, kunya za ta hana shi, sai dai gaisuwa ta fara gajarta. Daga baya a ji su a zauren mai unguwa, mutanen da iyayensu suka yi zaman amana shekara arba'in. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin duba-gari, da ake shiga gida-gida ana leƙa randa da kwata, wanda aka samu da dagwalo a ƙofarsa ya san sauran. Yanzu duba-garin kowa zuciyarsa ce. Ko wanda ya yi niyyar haƙa sokawe ma yana da abin dubawa: masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin ƙazanta, filotinmu mai ƙafa 50 da 50 kuwa kowane gefensa mita 15 ne da 'yan kai. Ke nan in ka nisanta ramin da rijiyarka, wataƙila ka kusanta shi da ta maƙwabci, wadda jikokinsa ke sha. Wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce. Kafin a sa diga, a leƙa gidan da ke bayan katanga a yi sallama, a tambaya ina rijiyarsu take. Ba a biyan ko sisi a kan wannan.

Ranar biya kuma, Injiniya ya koma "yaron nan mai famfo." Kafin alƙalami mukan bayar da hanzari, saboda muna so a fara. Cikon ne ke da nauyi. "Ka dawo jibi." "Bari a yi albashi." "Ai ba mu gama gwadawa ba." Mutumin da ya yini a durƙushe cikin rami, hannunsa duk gam, ya shaƙi warin kwatar da mu masu ita ba ma iya tsayawa kusa da ita, shi ne zai yi ta sintiri a ƙofar gida yana aiko yaro da sallama. Mai shagon Ƙofar Ruwa ba mu isa mu ɗaga masa kaya ba sai mun biya tsaf, mai siminti haka, amma ladan hannu shi muke mayarwa bashi, alhali duk mun san abin da addini ya ce game da jinkirta haƙƙin ma'aikaci. Su ma masu aikin suna da nasu. Akwai mai karɓar kuɗi ya fasa daɓe ya ɓace mako biyu, wayarsa a kashe, ya bar gida da rami a buɗe, tsohuwa na tsallakawa da buta. Tsoron juna ne ya sa kowa ke riƙe abin da ke hannunsa. Na ga inda aka raba gardamar cikin sauƙi: aka yi jinga a gaban shaidu biyu, aka raba kuɗin kashi uku, aka ce ba za a rufe rami ba sai an tuttula bokiti biyar a jere maigida yana tsaye a bakin kwata ya ga fitarsu, an kuma ɗauki hoton bututun da waya kafin a mayar da ƙasa. Da aka ga ruwa ya fita, a nan take aka ƙirga masa cikonsa, har da na shan ruwa.

Duk wannan lissafin da muke yi, mu maza ne a tsaye muna nuni, mu da rabonmu da wanke ko hula tun muna samari. Wadda za ta zauna a wurin sau uku a mako ba a tambaye ta ba. Sai an gama a kira ta a ce, "To, ga shi nan, an yi miki." Ta duba ta yi godiya, don tana da kara. Amma ita ta ga abin da ba mu gani ba: wurin ba inuwa daga hantsi har la'asar, kan famfon ya yi ƙasa bokiti ba ya shiga sai an karkata shi, igiyar shanya tana wancan ƙarshen gidan, kuma daga nan ba ta hango tukunya a kan wuta, ba ta hango ƙofar da yara ke fita. Tsohon wurin da muka raina, ba haka kawai ya zauna a gindin rijiya ba. A nan ake jiƙo da cuɗa da ɗauraya ana hira, a nan maƙwabciya ke tsayawa da mayafi a kafaɗa ta ce wucewa take yi ta kai awa guda, a nan 'yan mata ke koyon yadda ake fitar da manja daga farar shadda. Na san gidajen da aka kashe kuɗi masu yawa aka yi sabon wuri har da tayil a bango, bayan sati biyu Goggo ta ja bahonta da 'yar kujerarta ta koma gindin bishiya, ana kawo mata ruwa a bokiti daga sabon famfon.

A gidan yayana ne na ga an yi abin yadda ya kwanta mini a rai. Mai famfon dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Da aka gama nuna masa sama da ƙasa, sai ya ce, "Alhaji, a yi mini izini in ji ta bakin masu wankin." Yaya ya ɗan yi jim, sannan ya leƙa ciki ya yi magana. Uwargida ta fito da lulluɓinta, suka gaisa, ya ce, "Hajiya, a ɗauko kujerar da ake zama a kai, da babban bahon, da bokitin da ya fi kowanne tsawo." Aka kawo. Ta zagaya da su ta ajiye, ba a ƙuryar da Yaya ya nuna ba, taku shida daga nan, inda inuwar katanga ke sauka da rana kuma ana ganin ƙofar kicin. Dattijon ya tsiyaya ruwan buta a wurin, muka bi shi da ido yana gangarawa da kansa ya nufi tsohuwar rariya. Ya ce a nan ba sai an yi ciko ba, bututu biyu ma sun ragu daga lissafi. Ta zauna a kujerar, ta miƙa hannu inda take so ta riƙa kaiwa ba tare da ta tashi ba. Ya ɗora bokitin a gindin bangon, ya bar tazarar yatsu huɗu a samansa, ya tsinci gawayi a bakin murhu ya yi zane a wurin.